Zanar da Muka Kafa a Goshin Tsibiri

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar wata Asabar, mu huɗu ne a falon ɗan majalisar da ke wakiltar yankinmu a tarayya, a gidansa na nan Keffi. Akwai shi mai gidan, wanda kowa ke kira Honarabul. Akwai yayana, mai garin tsibirinmu, wanda ya taso tun da safe ya tsallake kogi ya hau motar Nasarawa. Akwai dattijon cocin tsibirin, abokin Yaya tun suna yawo ba wando. Sai ni, tela, mazaunin unguwar Tudun Ƙofa. An ajiye mana lemo amma ba wanda ya buɗe, domin mai gida bai zauna ba tukuna.

Da ya zauna sai ya dubi Yaya ya ce, "Baba, kwamiti ya yarda. Za su zo su ga tsibirin da idonsu."

Kafin in faɗi amsar Yaya, bari in jera abubuwa yadda suke, don ba na son ɗinkin da aka fara daga tsakiya.

Tsibirinmu yana tsakiyar kogin Binuwai, can kudancin jiharmu. Mutane da yawa a Keffi ba su ma san da shi ba, ko da yake bandar kifinsa suke sawa a miya. Kamun kifi ne sana'armu, sai noman shinkafa. Akwai Musulmi, akwai Kirista, kwale-kwale ɗaya muke shiga. A can aka haife ni, a can na yi firamare, karatuna bai wuce nan ba. Ina saurayi na zo Keffi koyon ɗinki, na zauna.

Ruwa daga gabas yake zuwa, kuma wurin da yake fara dukan tsibirin shi muke kira goshi. Goshi ya fi ko'ina tudu, shi ya sa kakanninmu suka sa maƙabarta a can: tamu a dama, ta Kirista a hagu, giginya ɗaya a tsakani. Ruwa ba ya hawa goshi, ta ƙasa yake cinsa. Kowace damina sai ya rarake gindin gaɓa, wata rana da rana tsaka a ji ƙara, gaɓar ta rufta ta tafi da abin da ke cikinta. Haka kabarin mahaifiyarmu ya tafi. Na mahaifinmu yana gindin giginyar nan. Ina yaro, daga giginyar zuwa bakin ruwa tafiya ce har ka ji a ƙafarka. Yanzu ko da hannun hagu ka jefa tsakuwa, a ruwa za ta faɗa.

Muna da yadda muke yi in gaɓa ta rufta. Maza ke fita da kwale-kwale, a tattara abin da aka samu, a sake rufewa, kowa ya koma gida ya ja bakinsa. Ba a yi wa mata bayani, ba a bari yara su je, baƙo kuwa ko kusa. Tsofaffinmu kan ce mamaci ba shi da hannun jan mayafinsa, mai rai ne ke ja masa. Da wannan muka tashi, kuma har yau ban ce maganar banza ba ce.

Maganin abin sananne ne: ganuwar dutse da kankare a goshi, wadda za ta karɓi dukan ruwa. Aikin ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, jiha ma ta ce kogin na tarayya ne. Honarabul ba ɗan tsibiri ba ne. Lokacin neman ƙuri'a ya je can, aka karɓe shi, aka ba shi kifi, ba wanda ya ce masa uffan game da goshi. A hanyar dawowa ne iska ta sa mai jirgi ya zagaya ta goshi, sai ya hango farin ƙyalle ya leƙo daga jikin gaɓa. Ya tambayi mai jirgi, mai jirgi ya ce shi ruwa yake kallo. Da ya dawo Keffi aka ce masa akwai wani tela ɗan can, ya zo shagona ya tambaye ni kai tsaye. Ni kuwa wanda ya tambaye ni kai tsaye ba na yi masa kwana-kwana.

Da ya ci zaɓe bai manta ba. Ranar da ya fara tashi a zauren majalisa da maganar, a shagon wani mai gyaran talabijin da ke unguwar Yara muka kalla. Yana cewa tsibiri a jihar Nasarawa sai muka ga wasu na dariya, wani ma ya juya yana tambayar na kusa da shi. Honarabul bai yi dariyar ba, ya jira suka gama, ya ƙarasa maganarsa ya zauna. Bayan wani lokaci ya sake tashi da taswira a hannu. Ya bi ofisoshi, ya bi abokan aikinsa gida-gida. Ya sake tashi har aka gaji da shi, aka miƙa ƙudirin ga kwamiti. To, wannan kwamitin ne ya yarda zai zo.

Mu koma falo. Honarabul ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo, Baba. Kada a ɓoye komai. Goshin nan shi ne hujjata. In ba su gan shi ba, bakina kawai suka ji."

Dattijon coci ya gyaɗa kai. Yaya ya buɗe lemonsa, ya sha, ya goge baki, sannan ya ce, "Allah ya kai mu."

Na san yayana. In ya yarda da magana, "to" yake cewa, a taƙaice. Muna fita bakin get na ce, "Yaya, ka ji abin da mutumin nan ya roƙa?"

Ya ce, "Kunnena ƙalau, ɗan birni. Kai dai je ka nemo mana yadi mai kyau. Manya za su zo garin ubanka."

Dattijo ya ce masa, "Kai fa da kunya ake noma da ka ciyar da jihar nan."

Yaya ya ce, "Kai da surutu ake kamun kifi da an huta da saƙa raga. Shiga mota."

'Yan kwamitin sun zaɓi rani, domin yawancinsu ba su taɓa shiga kwale-kwale ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ga shirin da aka yi musu. Da farko aka share garin tun daga mashiga har makaranta, aka yayyafa ruwa. Aka shafe ajujuwa da farar ƙasa. Aka aro kujeru daga tsallake, aka aro jirgi mai inji mai rumfa. Aka fitar da anko, shuɗi mai ratsin fari, ni da wasu teloli biyu muka ɗinka, kuma ɗinki ya yi kyau. Mata suka tanadi shinkafar tuwo, masunta suka ware giwan ruwa mafi girma. Na ƙarshe, Yaya ya sa samari suka yanko gamba aka saƙa zana, aka kafa ta tun daga bayan makaranta har bakin ruwa, ta fi tsayin mutum. Hanyar goshi ta ɓace a bayanta, kai ka ce tsibirin a nan ya ƙare.

Na same shi yana duba ɗaurin zanar na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ya ce, "Wannan mutunci ne. Za su ji da baki. Baƙo ba ya ganin tsiraicin gida, balle na wanda ya riga mu."

Na ce, "Ai gani suka zo yi."

Ya ce, "Tela, a shagonka kai ne babba. A nan ka bi bayana."

Na bi bayansa, domin haka tsari yake.

Ranar da suka zo kogi ya kwanta kamar an shimfiɗa shi, yashi ya fito fari tas a ko'ina. Shugabar kwamitin mace ce daga kudu, mai natsuwa, ba ta jin Hausa, saboda haka malamin makaranta ya yi tafinta. Suna sauka mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka ɗauka, yara suka jeru cikin anko suna waƙa. Aka zaunar da su a inuwa. Shugabar ta ciro biro da takarda ta ce a tambayi mai gari mene ne damuwarsu.

Yaya ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya ce, "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asirin Allah. Sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, ruwa kan taɓa mu kaɗan da damina. Mun gode da tattaki."

Malamin ya juya maganar zuwa Turanci yadda aka faɗe ta, bai ƙara ba bai rage ba. Na ga biron shugabar ya tsaya. Na ga Honarabul ya cire hularsa ya mayar. Sai ya tashi ya ce, "Baba, ko za mu ɗan taka da su zuwa gabas?" Ya yi gaba da kansa, baƙi suka bi shi, har suka iske zana. Ya bi ta dama, zana. Ya bi ta hagu, zana har ruwa. Ya juyo ya dubi Yaya.

Yaya ya ce, "Can bayan gari ne, ranka ya daɗe. Ba wurin manya ba ne."

Daidai nan mata suka fito da akusa a kai, ƙamshin farfesun giwan ruwa ya cika wurin. A garinmu ba a barin abinci ya jira baƙo, kuma ba a barin baƙo ya jira abinci. Aka koma inuwa. Honarabul yana iya sa yaransa su yaye zanar, amma da ya yi haka a gaban jama'a, da ya tozarta mai gari a garinsa, kuma da ba a sake buɗe masa ƙofa a tsibirin ba. Ya sani. Ya zauna, aka zuba masa, bai ci ba.

Baƙi sun ci sun yi santi. Sun ɗauki hotuna da yara, sun ɗauki na yashi. Shugabar ta ce a gaya mana ta zaga wurare da yawa ba ta ga gari mai tsabta da kwanciyar hankali kamar namu ba. Aka tafa. Kafin iskar la'asar ta taso aka raka su jirgi, kowa da ƙunshin banda. Da jirgi ya yi nisa Yaya ya dube ni ya ce, "Ka ga yadda ake karɓar manya?"

Rahoton da suka rubuta ban karanta shi ba, Turancinsa ya fi ƙarfina, amma an gaya mini abin da ke ciki: sun ga tsibiri, mutanensa na zaune lafiya, ba su ga abin gaggawa ba. Gaskiya suka rubuta. Abin da aka nuna musu ke nan.

Bayan haka Honarabul ya zo shagona da rana, ba jiniya ba 'yan rakiya, ya zauna a bencin da 'yan jami'a ke zama in sun kawo rage wando. Na ci gaba da taka keke, domin aikin mutane ne a hannuna.

Ya ce, "Baba Tela, ka san sunan da aka sa mini a majalisa? Mai gidan shaƙatawa. Duk wanda ya gan ni sai ya ce yaushe zan kai shi cin kifi."

Na ce, "Kifin dai ya yi daɗi."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya ce, "Na roƙi mai gari ya bar ni in aika a ɗauko hoton gaɓar, ya ce in dai yana raye ba mai ɗaukar hoton kabarin ubansa. Ba zan yi a ɓoye ba. Amma ka sani ban bari ba. Zan sake tashi, ko za su yi dariya har su faɗo daga kujera. Sai dai abin da mai gida ya rufe, ba ni da hannun buɗe shi."

Na tsayar da keke na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka riƙe Abuja. Tsibiri ka bar mini."

Ban tafi nan take ba. Na jira damina ta kankama, domin na san Yaya ba ya jin magana in kogi na kwance. Da ruwa ya cika ya yi ja, na gama ɗinkunan da ke hannuna, na kulle shago, na hau mota. Na iske zanar tana nan inda aka kafa ta, ta yi baƙi, ta fara ruɓewa daga ƙasa. Ba wanda ya cire ta, domin mai gari bai ce a cire ba.

Na zagaya bayanta na je goshi. Saiwoyin giginyar na ɓangaren ruwa sun fito fili suna lilo. Na tsaya a kan mahaifinmu na yi masa addu'a, ina jin ƙasa na motsi a tafin ƙafata duk lokacin da ruwa ya doki gaɓa. A ɓangaren Kirista kuwa ɓarnar ta fi yawa. Kwanaki kaɗan kafin zuwana gaɓa ta rufta da kabarin matar dattijon coci, wadda ta rasu bara. Maza sun fita nema ba su samu komai ba.

Na sami Yaya a zaure yana gyaran raga. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, magana na zo da ita, kuma a jere take. Ka bari in kai ƙarshe."

Ya ce, "Da ma kai ko atishawa a jere kake yinta. Faɗi."

Na ce, "Na farko, giginyar nan ba za ta ga damina biyu nan gaba ba. Na biyu, ba inda za mu mayar da kabarin Babanmu, ko'ina ban da goshi ruwa na hawa. Na uku, ni tela ne. Wanda ya kawo mini riga ya naɗe yagar a ciki don kunya, da yagarsa yake komawa gida."

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce, "Na gama."

Ya ce, "To Baba ba riga ba ne. Kana so in tara mutanen da ba su san sunansa ba, su tsaya a kansa da takalma suna nuna shi da yatsa, gobe a gan shi a waya a hannun kowane yaro? Ruwa in ya ɗauka, Allah ne ya ɗauka. In na nuna, ni na tone shi."

Na zauna a gidansa, muna ci tare, muna sallah tare, ba mai tayar da maganar.

Ana nan, wata rana da hantsi, sai ga wani dogon kwale-kwale ya nufo mashigarmu daga yamma, yana hawa ruwa da ƙyar. Masunta ne na wani ƙauye da ke ƙasa da mu, ba yarenmu ɗaya ba, da Hausa muke fahimtar juna a kasuwa. Sun ɗauro wani abu a gefen jirgin, sun lulluɓe shi da sabon zane. Babbansu ya sauko ya ce mai gari yake nema, kuma a janye mata da yara.

Akwatin gawa ne. Ya maƙale a ragarsu. Sun gane aikin kafintan tsibirinmu ne, sun kuma ji labarin wadda aka rasa bara. Dattijon coci ya zo ya ɗaga gefen zanen, ya duba, ya mayar. Bai yi kuka ba. Ya riƙe hannun mutumin ya daɗe bai saki ba.

Yaya ya yi musu godiya, ya ce wannan abu bai taɓa faruwa ba, a yi haƙuri da wahalar da aka sha.

Babban masuntan ya sunkuyar da kai ya ce, "Mai gari, ba yau aka fara ba. Tun zamanin ubana muke tsintar naku. Wanda ya zo a likkafani ba ma iya gane shi, sai mu yi masa sutura mu rufe a wajenmu. Akwai wurin da muka ware, yaranmu ma sun san na mutanen tsibiri ne. Ba mu taɓa faɗa muku ba don kada ku ji kunya. Wannan dai mun san mai ita, shi ya sa muka kawo."

Ni dai mahaifiyarmu ce ta faɗo mini a rai, na san Yaya ma ita ce a ransa.

Aka kai akwatin goshi aka sake rufewa, Musulmi da Kirista muka haɗa hannu a haƙa. A hanyar dawowa, daidai wajen zanar, dattijo ya tsaya ya dafa ta. Ya ce wa Yaya, "Abokina, ni na riƙe maka igiya ranar da aka ɗaura wannan. Na ce ina rufa wa matata asiri. Ga shi ta yi tafiya a kogi, ƙauye nawa ta wuce ban sani ba, har ta kwana a ragar mutane. Kowa a bakin kogin nan ya san halinmu. Mutum ɗaya muka ɓoye wa, ita ce matar da ta zo da biro."

Yaya ya ce, "Yau ba ranar surutu ba ce."

Dattijo ya ce, "Na sani. Shi ya sa na taƙaita."

Washegari da safe na ji ƙarar adda. Na fito na iske Yaya shi kaɗai yana yanke igiyoyin zanar ɗaya bayan ɗaya. Na nufe shi zan kama masa, ya ce, "Tsaya can, ɗan birni, kada ka ɓata hannun allura. Ni na kafa." Da ta faɗi ya sa aka kwashe, mai kyau-kyau aka yi wa awaki rumfa, ruɓaɓɓiyar aka kai murhu. Daga ƙofar makaranta sai ga giginya tsaye, ga jan ruwa a bayanta.

Sannan ya kira ni zaure ya ce, "Je ka gaya wa mutuminka. Su zo, amma da sharaɗi. Da damina za su zo, ruwa na cike. Su cire takalma in sun isa. Ba hoton abin da ya fito daga ƙasa, su ɗauki gaɓa da ruwa da giginya. Ba kiɗa, ba guɗa." Na ga abin da zai faɗa na gaba ya fi yi masa nauyi. Ya ce, "Kuma ba za a sauke tukunya ba sai sun dawo daga goshi."

Na ce, "To."

Ya ce, "Amma fa za su ci. Kada ka je ka ce masa ba abinci."

Na dawo Keffi na wuce gidan Honarabul tun kafin in je nawa. Na jera masa sharuɗɗan yadda aka ba ni. Ya saurara har ƙarshe, ya ce duk ya karɓa, mai wuyar ita ce damina, domin sa mutanen nan su shiga jirgi kogi na cike ba ƙaramin aiki ba ne. Ya ce zai nemo rigunan kariya, zai shiga jirgin farko ya zauna a gaba. Ya koma ya sake tashi a zauren majalisa. An yi masa ba'ar kifi, ya bari aka gama. Sannan ya je ofishin shugabar kwamitin da kansa, ya gaya mata abin da ke bayan zanar da dalilin kafa ta. Ya ce ta amsa masa da cewa a garinsu ma akwai irin wannan kunya, ta san ta. Ta yarda za su dawo.

Ga inda magana take yanzu. Ba a aza dutse ko ɗaya ba. Ba a sa aikin a kasafi ba, sai kwamiti ya gani ya sake rubutu. Giginya na nan tsaye, ta ɗan karkata, mahaifinmu na gindinta. Za su zo in ruwa ya cika a daminar nan, Honarabul zai sanar da rana, ni kuma zan bi shago-shago in faɗa.

Abin da ya rage namu ne. Na san halinmu. Tun yanzu wasu mata sun zo shagona suna tambayar kalar ankon bana, na ce musu keken nan ba zai ɗinka shi ba. Wani ɗan uwanmu a Garaku ya ce zai kawo makaɗa, na ce ya bar su a gida. Tsorona shi ne ranar ta zo, a ga manya sun sauko daga jirgi, bakinmu ya koma inda ya saba.

Saboda haka, kai mai karanta wannan, in kai ɗan tsibiri ne, ko uwarka 'yar can ce, ko kana da wani kwance a goshi, ko kana Keffi, ko Garaku, ko Abuja, ga roƙona. Ranar da aka sanar, ka rufe shagonka ka zo. Ka zo da kayan da kake aiki da su. Ka wuce goshi kai tsaye, ka tsaya a kan naka. In ruwa ya riga ya tafi da shi, ka tsaya a bakin gaɓa ka fuskanci inda yake a da. In matar nan ta tambaye ka yaya gida, ka gode wa Allah kamar yadda aka koya mana, amma kada ka tsaya nan. Ka miƙa hannu ka nuna mata wurin, ka gaya mata wanda ke kwance a can.